Motar Da Ke Ƙin Tashi Ranar Tsere

Har gobe ban manta da ranar da Usta Bashir ya kira ni ofishinsa ya tura ƙofa ba. Duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa cikinku ya san ba ya rufe ƙofar nan sai da dalili, don ko faɗa zai yi maka a tsakar gareji yake yin abinsa kowa ya ji. Ga waɗanda ba su riske shi ba, Basudane ne dogo, shi ne shugaban ma'aikata a garejinmu na Sanaiya, unguwar masana'antu ta Doha, kuma shi ke tsakaninmu da mai garejin, wato kafil ɗinmu, wanda izinin zamanmu a ƙasar yake hannunsa. Ya ce in zauna, na zauna. Ya sauke takunkumin fuskarsa zuwa haɓa ya gaya mini magana a taƙaice: in motar tseren da muke kula wa Hamad ta sake ƙin tashi ranar Juma'a mai zuwa, Hamad zai ɗauke ta ya kai wani garejin, ni kuma ba za a sabunta mini kwantiragi ba. Ya ce ba shi ya yanke ba, daga sama maganar ta zo. Na ce na ji, na tashi na fita.

Wannan ya faru ne a hunturun da aka dawo da tsere sosai bayan kullen korona, saura kamar shekara guda a fara gasar kofin duniya. Doha duk an tone ta, ko'ina ka duba gini ake yi, mutanenmu 'yan Arewa sun cika sabon birnin Lusail suna gadi da tuƙi. Aiki akwai, amma ba irin nawa ba. Ni riwaya na koya tun ina saurayi a Ƙofar Ruwa, ban iya komai ba sai wayar mota, kuma ina da mata da yara a Kano da ban sa su a ido ba tun kafin cutar. In aka sallame ni, komawa zan yi hannu rabbana. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Bari in bayyana wa sababbin zuwa yadda tseren yake, don su gane nauyin abin. Ba irin tseren zagaye fili ba ne. Mota biyu ake jerawa a kan miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon rubu'in mil, fitila ta kawo kore, su cilla, cikin 'yan daƙiƙoƙi an gama. Kafin nan direba zai murza tayoyin baya a wuri guda har su yi hayaƙi, don su ɗauki zafi su kama kwalta. In aka kira lambarka, lokaci kaɗan ake ba ka ka tayar da inji ka shigo layi. Ba ta tashi ba, an cire ka, abokin karawarka ya wuce shi kaɗai. Aikin mako guda na mutane da yawa sai ya tafi a banza saboda wuta ba ta kai ga fulogi ba, kuma duk wanda ke wurin ɗan riwaya zai juyo ya kalla.

Hamad matashi ne ɗan ƙasa, gidansu a Nu'aija yake, mai kunya da ƙarancin magana, ba irin masu zuwa su yi ta ɗaga mana murya ba. Motarsa kuwa ba ta da kunya ko kaɗan. A gareji, ka danna maɓalli sau ɗaya ta amsa, ƙararta har cikin ƙirji. Ka kashe ka sake, haka. Amma da an kai ta fili sai ta sauya hali. Wata rana kik, wato abin tayarwa, zai yi ta juya inji ba wuta. Wata rana ta tashi tana tari, tana harbi ta salansa. Wata rana kuma ta yi lafiya lau kamar ba ita ba, har mu fara murna. In ta ƙi tashi muka tura ta gefe, bayan an riga an cire mu, sai wani ya taɓa maɓalli don gwaji ta tashi garau. Na sha jin kamar in ɗauki sifana in rotsa mata gilashi.

Mafi muni shi ne makon da ya gabaci kiran da Usta ya yi mini. Ta tashi, ta shiga layi, ta cilla, tana tsakiyar gudu wuta ta ɗauke ta dawo. Motar ta yi wani irin fizga, bayanta ya kauce, saura ƙiris ta goga da katangar gefe. Allah ya tsare, Hamad ya riƙe ta. Da ya fito bai yi wa kowa faɗa ba, ya cire hular kwano ya zauna a ƙasa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ba zama na yi ba a duk makonnin nan. Ƙa'idar aikinmu ita ce ka fara daga batir ka bi wuta har inda ta tsaya. Na auna batir da mita, yana hutawa da kuma lokacin da kik ke ja. Na duba babban makunnin da ke bayan mota, wanda ma'aikatan fili ke kashewa in an yi hatsari, don shi yakan ci amanar mutum. Na kwance duk wayoyin at, waɗanda ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota, na kankare wurin zamansu har ya yi ƙyalli. Na sauya rile, na sauya koyil, na sa sababbin fulogi da wayoyinsu. Na sauya sensar da ke gaya wa akwatin wuta lokacin da inji ya juyo, na daidaita tazararta. Akwatin wutar ma, wanda a gida muke ce wa birenbos, mun ari wani mun gwada. Na bi waya ɗaya bayan ɗaya ina girgizawa inji na aiki, ko za ta yi tari. Ko gezau. Usta ya ce zaman da ta yi lokacin kulle ne ya lalata ta, wani ya ce zafi ne, wani Ba'indiye mai fenti ya ce aljanu ne, na ce masa ya je ya ji da fentinsa.

Akwai mutum guda da bai taɓa ba ni shawara a kan motar ba, shi ne Baba Lawal. Dattijo ne mutumin Malumfashi, direban gidan su Hamad tun Hamad bai fara tafiya ba. Shi ya riƙa kai shi makaranta, shi ya koya masa tuƙi, har Hamad yana jin Hausa kaɗan-kaɗan, yana gaishe mu da ita muna dariya. Baba Lawal ne ke jan tirelar da ake ɗora motar daga gareji zuwa fili. Duk zuwan da zai yi sai ya riƙo mini wani abu, ko dabino ko ragowar abincin gidan, ya ce in ci, wai na rame kamar wayar da nake ja. Ni kuma ina tsokanarsa da cewa tuƙinsa na kai amarya ne. Shi kaɗai nake sakin jiki in yi Hausa da shi har in gaji, amma ban gaya masa abin da Usta ya ce ba, don na san zai ɗora wa ransa.

Washegarin kiran, na ce yau ba zan sauya komai ba, kallo kawai zan yi. Na cire gaban motar gaba ɗaya, na ɗauki tocila na shiga bin bangon ƙarfen da ya raba inji da wurin zaman direba. A nan akwai wani babban soket mai bakuna da yawa, inda wayoyin ciki ke haɗuwa da na inji, a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Na sha auna shi da mita yana nuna lafiya, shi ya sa ban taɓa raba shi ba. Ran nan na raba shi. A ciki na ga wani farin gari ya kwanta a gindin bakunan, wasu sun fara yin kore. Na dangwala da yatsa na kai harshe. Gishiri ne.

Na kai wa Usta ya gani, ya ce ai iskar teku ce, garin nan ko ƙofar gida tsatsa take yi. Na ce to me ya sa sauran soket ɗin motar suke fes, wannan kaɗai iskar ta sani? Na mayar da gaban motar, na ɗebo ruwa a kofi na riƙa zubawa kaɗan-kaɗan a wurare daban-daban ina leƙawa ta ƙasa. Da na zuba a gindin gilashi, daidai gaban sitiyari, sai ga shi ya bi ta wata 'yar tazara yana ɗiga a kan soket ɗin nan. Yanzu na gane ciwon. In gishirin ya jiƙe, wuta na tsallakawa daga wannan baki zuwa wancan, saƙon sensa ya rikice, akwatin wuta ya rasa lokacin da zai saki wuta. In ya bushe, komai ya koma daidai. Abin da ban gane ba shi ne inda ruwan yake fitowa. Ba a wanke motar tsere da ruwa, goge ta ake yi, kuma ba a yi ruwan sama ba.

Ranar Laraba ana buɗe fili don gwaji. Da ma ni da sauran ma'aikata a motar gareji muke zuwa mu jira tirela, amma ran nan na ce da Baba Lawal zan tafi. Na lura bai yi murna ba kamar yadda na zata, ya dai ce in shigo. Muna hanya la'asar ta yi, ya ratse wani gidan mai da ke da ɗan masallaci a gefe, ya ce nan yake tsayawa kullum. Muka yi salla. Na tsaya gaisawa da wani ɗan Zariya mai gadin wurin, Baba ya riga ni fita. Da na zagayo bayan tirela sai na same shi a sama, ya ɗage rigar motar, da gorar ruwa a hannunsa. Bakinsa yana motsi. Ya tsiyaya ruwan a tafin hannu ya yayyafa a kan gilashi, daidai inda fuskar Hamad take kasancewa, ya sake, ya sake, sannan ya shafa da hannu a hankali, irin shafar da ake yi wa kan yaro mai zazzaɓi.

Da wani ne da na yi masa tsawa tun daga nesa, kun san halina. Amma na kasa. Na tsaya har ya gama, ya juyo ya gan ni.

Bai yi ƙoƙarin ɓoye gorar ba. Ya sauko a hankali ya zauna a bakin tirela, ya ce ruwan addu'a ne, shi yake tofa ayoyin tsari a ciki da asuba, ya sa ganyen magarya da ɗan gishiri kamar yadda ya ga mahaifiyarsa tana yi saboda baki da ido. Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun da aka dawo tsere bayan rasuwar mahaifin Hamad. Korona ce ta ɗauke shi, a farkon zuwanta, lokacin da ba a barin kowa ya shiga asibiti. Mutumin da ya yi wa tuƙi fiye da rabin rayuwarsa, bai samu ya yi masa wanka ba, bai samu ya ɗauki makararsa ba. Magana ta ƙarshe da suka yi a waya ce, numfashin mahaifin yana sarƙewa, ya ce masa ga Hamad nan, amana. Baba ya ce shi ba shi da ilimin mota irin wannan, ba zai iya hana yaron tsere ba, abin da yake da shi ke nan.

Na zauna kusa da shi na rasa ta inda zan fara. Daga ƙarshe na bayyana masa yadda ruwan yake bi, da inda yake sauka, da abin da gishiri yake yi wa waya. Na yi ta zagaye-zagaye ina neman kalma mai laushi, amma dattijon ya riga ni isa.

"Garba, wato ranar da ta kusa dukan katanga, ni ne?"

Na kawar da kai.

"Gaya mini gaskiya, ɗana. Da hannuna na kusa kashe shi?"

Na ce, "Baba, ba ka sani ba. Allah ya ga niyyarka."

Ya sunkuyar da kai, hawaye yana bin gemunsa yana sauka a kan riga. Ban taɓa ganin tsoho yana kuka irin wannan ba, ba sauti, sai kafaɗa da ke motsi. Tausayinsa ya kama ni har na manta da nawa tashin hankalin. Da ya ɗan natsu ya roƙe ni in rufa masa asiri. Ba Hamad yake tsoro ba, baffanninsa yake tsoro. Ya ce in suka ji cewa direba baƙar fata yana yayyafa wa motar ɗansu wani ruwa a ɓoye, ba za su tsaya tambayar abin da ke ciki ba, sihiri za su kira shi, kuma kun san yadda ake ɗaukar wannan kalma a ƙasar nan. Ba korar ce ta dame shi ba, sai dai a rabu da shi da wannan suna bayan duk shekarun nan. Na yi masa alkawari ba wanda zai ji daga bakina. Na hau tirela na busar da soket ɗin da iska, na rufe shi da leda da tef, muka ƙarasa fili. Motar ta tashi duk sau ɗin da aka taɓa ta.

Ranar Alhamis na yi gyaran gaske. Na yanke tsohon soket na jefar, na sa sabo mai robar da ke hana ruwa shiga, na cika bakunansa da man da ake sa wa wayar wuta, na matsar da shi daga ƙarƙashin tazarar, tazarar kuma na toshe ta. Na kwara ruwa bokiti guda a kan gilashi inji yana aiki, bai ko yi tari ba. Na ɗauka shi ke nan na tsira.

Usta Bashir bai yarda ba, kuma in za a bi gaskiya yana da hujja. A wannan sana'a ba a karɓar "na gyara" sai da "ga abin da ya jawo". Ya tsare ni a gaban motar ya ce ya yarda soket ne, to daga ina ruwan gishiri ya zo? Na ce koma daga ina ne, yanzu ba zai ƙara shiga ba. Ya ce ba abin da ya tambaye ni ke nan ba. Ya kalle ni ya ce ya san na sani, tun jiya fuskata ta nuna. Ko wani ne yake yi wa motar zagon ƙasa ina rufa masa, ko kuma ni ne na yi wata ɓarna nake ɓoyewa. Na ce ba ni da abin da zan ƙara. Ransa ya ɓaci, ya ɗaga murya yadda ya saba, ya ce ɗan riwayar da ke ɓoye dalili ba za a damƙa masa ran mutum ba, ko motar ta tashi gobe ko ba ta tashi ba shi ba zai sa baki a sabunta mini kwantiragi ba, khalas, magana ta ƙare. Zuciyata ta tafasa, magana ta zo mini har baki, na haɗiye ta. Da na juya sai na ga Baba Lawal tsaye a bakin ƙofar gareji, ya kawo wasu tayoyi. Larabcinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba, ya ji komai.

Ya same ni a bayan gareji ya ce me ya sa ban gaya masa aikina ne a kan layi ba. Na ce ya bar maganar, Allah ne mai ciyarwa. Ya ce in gaida yara in na yi waya, ya tafi. Ranar nan ko abinci ban iya ci ba. Ina jin haushin Usta, ina jin haushin motar, kuma in faɗi gaskiya har Baban na ɗan ji haushinsa, sannan in ji kunyar kaina.

Ranar Juma'a muka isa fili rana ta yi sanyi. Muka sauke mota a rumfarmu, na shiga dube-duben da aka saba: batir, makunnin baya, man fetur, sannan na tayar da ita ta ɗumama na kashe. Hamad ya iso ya sa rigar tsere. Usta yana gefe ya harɗe hannu, ko kallona ba ya yi. Ana cikin haka sai Baba Lawal, wanda kullum yake komawa cikin tirela ya zauna da carbinsa, ya shigo tsakiyar rumfa da gorar nan a hannu. Ya ce yana da magana da Hamad, kuma yana so Usta ya ji.

Ya faɗi komai, bai rage ba. Ya faɗi abin da ke cikin ruwan, da inda yake tsayawa, da tun lokacin da ya fara, da dalilin farawar. Ya ce Garba ya gano tun shekaranjiya, shi ya roƙe shi ya yi shiru, don haka in akwai wanda za a sallama to shi ne. Bai dakata ba sai da ya zo kan ranar katanga. A nan ya tsaya, ya ce wa Hamad ya yafe masa, an ba shi amana ya kusa salwantar da ita.

Ni dai ban san ta inda yaron zai ɓullo ba. Hamad ya kalli gorar. Ya tambayi Baba, da Larabci, ko mahaifinsa da gaske ya faɗi haka a waya, don shi bai samu yin magana da shi ba a kwanakin ƙarshe. Baba ya ce wallahi haka ya faɗa, kuma sunan Hamad ne kalmar ƙarshe da ya ji daga bakinsa.

Hamad ya juya mana baya na ɗan lokaci. Da ya juyo idonsa ya yi ja. Ya zare safar hannunsa ɗaya bayan ɗaya ya ajiye a kan mota, ya matso gaban tsohon, ya haɗa tafukansa biyu ya miƙa. Ya yi magana da 'yar Hausarsa ta yarinta, wadda muke yi wa dariya.

"Baba, mota tana da Garba. Zuba mini nan."

Baba ya tsiyaya masa. Hamad ya shafa a fuska da kai da ƙirji, sannan ya sunkuya ya sumbaci tsohon a goshi, yadda suke yi wa iyayensu. Ya ce daga yau duk ranar tsere haka za a riƙa yi, a gaban kowa, kuma duk wanda ke da magana a gidansu ya zo ya same shi. Ni dai na juya ina gyara wayar da ba abin da ya same ta, don kada a ga fuskata. Da na ga abin zai fi ƙarfina sai na ce da su don Allah su matsa daga jikin motar da ruwan nan, na sha wahalarsa ya isa. Baba ya yi dariya yana share ido.

Aka kira lambarmu. Usta ya ce yalla, mu je, muka tura ta bakin layi. Hamad ya ɗaga mini yatsa, ya danna maɓalli, ta amsa tun kafin ya sake shi. Ya murza taya, hayaƙi ya tashi, fitila ta kawo kore, ta tafi a miƙe ba tari ba fizga har ƙarshen hanya. Ya ci zagayen farko, a na biyu wani ya riga shi da ɗan kaɗan. Ba wanda ya damu a cikinmu. Muna haɗa kaya Usta ya zo ya tsaya kusa da ni, ya ce ni mutum ne mai taurin kai, kuma da shi ne a matsayina da abin da zai yi ke nan. Ya ce in kawo fasfo ofis ranar Lahadi a fara cike-ciken sabuntawa. Na ce masa na gode.

Na yi shekarun da suka biyo baya a garejin nan, har na samu hutu na je na ga yarana. Baba Lawal ya zauna har aka gama gasar kofin duniya, sannan ya ce ƙafafunsa sun gaji, ya koma Malumfashi. Hamad da kansa ya tuƙa shi zuwa filin jirgi, tsohon yana zaune a kujerar baya yana ta mitar cewa wannan ba tsari ba ne.

Abin da nake so ku riƙe, ku da kuke fara aikin nan, shi ne ciwon da ke zuwa yana tafiya ba ya kamuwa a gareji. Na sauya kaya masu yawa da ba su da laifi saboda ina tambayar mota a lokacin da take lafiya. In ta ƙi ka a wani wuri ta yarda da kai a wani, ka bar mita ka bi ta, ka ga hanyar da take bi da duk hannun da yake taɓa ta tsakanin nan da can. Kuma in ka samo hannun, kada ka yi saurin ɗaga shi sama kowa ya gani. Ka zauna ka tambayi mai shi dalili tukuna. A duk mutanen da suka taɓa motar nan, har da ni da nake taƙama da sana'a, ba wanda ya kai wanda ya lalata ta son yaron da ke cikinta.